Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama A Gida, A Yi Masa Rajista Har A Tashi Da Shi

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk bayan ɗan lokaci sai kaga bidiyo yana yawo na wani matashi ya ƙera jirgin sama da langa-langa da injin babur ko na janareto, a taru ana tafi ana Allah ya ƙara basira, bayan sati biyu shiru kake ji. Abin nan yana min ciwo wallahi, saboda basirar akwai ta, tun 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic har labarin ya zaga duniya. Abin da yaranmu suka rasa shi ne hanya, alhali hanyar sananniya ce, a Amurka kaɗai akwai jirage sama da 30,000 masu rajista waɗanda mutane suka haɗa da hannunsu, yawanci a garejin gida, kuma suna da ƙungiya mai suna EAA da Paul Poberezny ya kafa a 1953, duk shekara a ƙarshen Yuli suna taruwa a garin Oshkosh da jiragensu.

Kuma kar wani ya ce ai wannan sai Turawa. Jirgin da sojojin saman Najeriya suka yi amfani da shi wajen koyon tuƙi, wanda ake kira Air Beetle, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft, irin wanda mutane suke haɗawa a gida, an kawo kayan haɗinsa guda 60 aka haɗa su a Kaduna. A Ghana kuma a filin jirgin Kpong, Patricia Mawuli ta haɗa jiragen Zenith da hannunta ta kuma tuƙa su. To ga yadda ake yi, zan bi tsarin Amurka saboda can ne abin ya fi kafuwa, inda ya shafe mu a gida zan faɗa.

Fara da koyon tuƙi, kuma ka je wajen hukuma

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka shiga ƙaramin jirgi ka tashi tare da malami. Akwai mutanen da suke son ƙira amma da sun hau sama jirgi ya ɗan girgiza sai su gane abin ba nasu ba ne, gara ka sani da wuri. Lasin tuƙi na mai zaman kansa, wato PPL, yana buƙatar shekara 17, gwajin lafiya, jarrabawar rubutu da aƙalla awa 40 a sama, duk da mafi yawan ɗalibai suna wuce haka kafin su shirya. A Najeriya akwai kwalejin NCAT ta Zariya da aka kafa a 1964, akwai wata a Ilorin.

Sai hukuma. A Amurka hukumar kula da jiragen sama, wato FAA, tana da rukuni na musamman na jiragen da aka haɗa a gida, sharaɗinsa shi ne kai da abokanka ku yi fiye da rabin aikin da hannunku, shi ake cewa dokar kashi 51, kuma ya zama don ilimi da nishaɗi aka yi, ba don kasuwanci ba. In a Najeriya kake to hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ita ce mai magana, lambar jirgi tana farawa da 5N, Nijar 5U, Ghana 9G. Rubuta musu takarda tun kafin ka tura kuɗi ko'ina, ka faɗa musu samfurin da kake son haɗawa da injin da za ka sa, ka tambaya a wane rukuni za su yi masa rajista, waye zai riƙa duba aikin, a wane mataki suke son su gani kafin a rufe, da maganar izinin shigo da kaya. Amsar ta zama a rubuce ka adana. Wannan matakin shi mutanenmu suke tsallakewa, a gama wahala a zo filin jirgi a ce ba a san zancen ba, kuma gaskiyarsu ce, sararin sama akwai rayukan wasu a ciki.

Zaɓen jirgi

Shawarata a nan ba ta da sassauci: jirginka na farko kar ka zana shi da kanka. Ɗauki zanen da injiniyoyi suka yi lissafinsa, aka gwada ƙarfin fiffikensa da nauyi, ɗaruruwan irinsa suna tashi. Hanya biyu ce, ko ka sayi zane kawai ka yanka komai da kanka, ya fi arha amma zai ci shekaru, ko ka sayi kit, wato kayan haɗi da aka yanka aka lanƙwasa a masana'anta, na zamani ma har da ramuka a huje suna haɗuwa daidai.

Ta ɓangaren abin da ake ƙira da shi, akwai katako da yadi irin Pietenpol Air Camper da aka zana tun 1929, yana da kyau amma katakon jirgi na musamman ne, yawanci Sitka spruce, ba wanda za ka samo a 'yan katako ba, ga gara ga laimar damina ga bushewar hunturu. Akwai bututun ƙarfe 4130 da ake walda a lulluɓe da yadi irin Kitfox. Akwai na faiba irin VariEze da Long-EZ na Burt Rutan, waɗannan suna son ɗaki mai daidaitaccen zafi lokacin aiki kuma dole fentinsu ya zama fari saboda rana tana tausasa su. Sai alminiyam da ribit, wato 'yan ƙusoshin da ake baje kansu su riƙe falle biyu, wanda ni shi nake ganin ya fi dacewa da mai farawa musamman a ƙasa mai zafi da ƙura, saboda aikin a bayyane yake, ribit in ya lalace ido zai gani a cire a sake.

A alminiyam ɗin ma ka tambayi kanka me kake so da jirgin. RV-7 yana gudun kusan kilomita 300 a awa, mai son tafiya mai nisa ne, amma yana son titi mai kyau da matuƙi mai hannu. Zenith STOL CH 750 na Chris Heintz gudunsa wajen rabin haka ne, sai dai yana tashi a ɗan gajeren fili, yana sauka a hankali, tayoyinsa manya, kuma ribit ɗinsa na ja ne wanda mutum ɗaya zai iya shi kaɗai. Akwai Sling na Afirka ta Kudu da ake yi kusa da Johannesbag, wanda a 2019 wasu 'yan makaranta suka haɗa samfurin Sling 4 aka tashi da shi daga Kef Tawun har Alƙahira. In da ni ne a arewa, CH 750 zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Kuɗi da lokaci

Masu harkar suna raba kuɗin gida uku, kaso ɗaya gangar jirgi, ɗaya inji da farfela, ɗaya kuma mitoci da rediyo da waya da fenti da kayan aiki. Sabon injin Rotax 912 kaɗai ya haura dala 20,000, to lissafa sauran, sannan ka ɗora kuɗin kwantena da kwastan da canjin dala. Abin da ke sauƙaƙawa shi ne ana sayen kit kashi-kashi, jela yau, fuka-fukai baɗi. Kar ka zuba duk kuɗinka a hannun kamfani lokaci ɗaya, ko Van's da girmansa sai da ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Disambar 2023 kafin ya farfaɗo a 2024. Inji da kayan lantarki ka bar su sai ƙarshe, inji in ya daɗe a ajiye yana tsatsa ta ciki, mitoci kuma sababbi suna fitowa kullum. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa gwiwa, doka ba ta hana ba, amma a rubuta yarjejeniya.

Lokaci kuwa ka sa a ranka awa 1,000 zuwa 2,000 ga yawancin jirage masu kujera biyu, wato shekaru ga mai aikin ofis ko kasuwa. Yi magana da iyalinka tun farko su san abin da ake ciki, ayyuka da yawa a nan suke mutuwa.

Wajen aiki da kayan aiki

Garejin mota ɗaya ko biyu ya isa har zuwa lokacin ɗaura fuka-fukai. Ya zama a gidanka ko kusa sosai, in sai ka yi tafiyar awa ɗaya kafin ka isa to ba za ka riƙa zuwa ba, kuma rabin awa kullum ya fi yini guda sau ɗaya a wata. Kana buƙatar tebur mai tsawo, shimfiɗaɗɗe sosai wanda ka auna da ma'aunin ruwa, haske mai yawa, kwamfuresa, injin huda na iska, almakashin ƙarfe na dama da na hagu, bindigar ribit, abin kankare bakin rami, sufana mai auna ƙarfin ɗauri, da kiliko ɗari-ɗari, wato 'yan maƙalan da ke riƙe falle biyu kafin a sa ribit. Launinsu yana nuna girma, fari na 3/32 inci, mai ruwan tagulla na 1/8, baƙi na 5/32. Wuta kuma ka san halin da ake ciki, tanadi janareto ko sola da zai ɗauki kwamfuresa.

Kar ka fara da jirgin. Van's suna sayar da ɗan akwatin kayan aiki na gwaji da za ka haɗa don hannunka ya faɗa, Zenith kuma suna yin bita ta kwana biyu a masana'antarsu da ke garin Mexico a jihar Missouri inda kake haɗa ɓangaren jelar jirginka mai juya shi hagu da dama da kanka. In ba ka da halin zuwa, sayi ragowar falle ka yi ta bugun ribit kana cirewa har sai guda hamsin a jere sun fito iri ɗaya.

Aikin kansa

Ana farawa da jela saboda ita ce mafi arha in ka ɓata, sai fuka-fukai, sai gangar jiki, sai kayan ƙarasawa, sai inji. Kowane sashe zagaye ɗaya ne ake maimaitawa: ka karanta shafin zanen har ƙarshe kafin ka taɓa komai, ka haɗa da kiliko, ka huda ramuka zuwa girmansu, ka warware gaba ɗaya, ka kankare bakin kowane rami da gefen kowane falle, in ribit mai lafewa ne ka lotsa ramin, ka shafa maganin tsatsa a inda ƙarfe zai kwanta kan ƙarfe, ka sake haɗawa sannan ka buga ribit. Kankarewar nan ita ce mafi gundura kuma ita ce ba a wasa da ita, saboda tsagewa daga ɗan ƙaramin kaifi take farawa, girgizar inji ta yi ta buɗa ta a hankali tsawon shekaru a inda ido ba ya kaiwa.

Ga ƙa'idojin da ya kamata su zauna maka a ka. Ribit na 3/32 bakin huda lamba 40 yake so, na 1/8 lamba 30. Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle kar ya gaza faɗin ribit sau biyu. Ribit na bugu in ya zauna daidai, kan da ya baje a baya faɗinsa ya zama sau ɗaya da rabi na jikinsa, tsayinsa rabi, akwai ɗan ma'auni da ake gwadawa da shi. Irin wannan ribit ɗin sau da yawa mutum biyu ne, ɗaya da bindiga a waje ɗaya ya tokare da dunƙulen ƙarfe a ciki, kuma a jirgin RV za ku buga sama da 10,000. Kar ka yi alama a alminiyam da fensir ko ka karce shi da ƙusa, maka mai laushi ake amfani da ita. Alminiyam ɗin ma ba kowanne ba, Van's 2024-T3 suke amfani da shi, Zenith 6061-T6, in wani yanki ya lalace ka yi odar irinsa, kar ka je kasuwa ka samo mai kama da shi.

Haka bol da noti. Na jirgi suna da lamba, AN3, AN4 da sauransu, kuma kowanne da ƙarfin ɗaurinsa, AN3 inci-fam 20 zuwa 25 ne kacal, AN4 kuma 50 zuwa 70, wanda hannun bakanikenmu da ya saba da ɗaure tayar tirela zai wuce shi ba tare da ya ji ba, kuma ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da bol ya raunana shi. Duk wanda ka gama ɗaurewa ka ɗiga masa fenti don ka san an gama da shi. Waɗanda za su iya kwancewa ana ɗaure su da siririyar waya ta yadda in za su juya sai su ƙara jan wayar. Littafin FAA mai lamba AC 43.13-1B kyauta ne a intanet, duk waɗannan suna ciki, ka sauke shi ka buga ka ajiye kan tebur.

Tankin mai a cikin fiffike yake, a jirage irin RV ana liƙe shi da wani baƙin danƙo mai wari. Bayan ya bushe ka gwada shi da iska kaɗan, ka ɗaura balan-balan a bakin bututu ka hura har ya kumbura, ka bi duk layin ribit da ruwan sabulu kana neman kumfa. Kar ka kuskura ka sa masa iskar kwamfuresa kai tsaye, zai buɗe.

Kullum ka rubuta abin da ka yi, kwanan wata, awa nawa, wane sashe, da hoto wanda kai ma kana ciki kana aikin. Wannan littafin shi ne shaidarka cewa kai ka yi fiye da rabi. Kuma kafin ka rufe kowane fiffike ko jela, kira wanda ya fi ka sani ya leƙa ciki. EAA suna da masu ba da shawara da ke zuwa kyauta, a gida kuma ka nemi injiniyan jirgi mai lasin, akwai su a Zariya da Kaduna da Kano, ka biya shi ya duba ya sa hannu.

Maganar canje-canje. Za ka ji sha'awar gyara zane, ka matsar da wannan ka ƙara wancan. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a Oktoban 1997 a cikin Long-EZ da ya saya a hannu, wanda ya haɗa jirgin ya matsar da makunnin sauya tankin mai daga inda zane ya ce zuwa bayan kafaɗar matuƙi ta hagu, masu bincike suka ce a ƙoƙarin juyawa ya kai hannu wajen ne jirgin ya ƙwace masa. Duk canjin da ya shafi mai, ko sarrafa jirgi, ko ƙashin fiffike, rubuta wa kamfanin ka jira amsa.

Inji da mai

Rotax 912 na ƙasar Ostiriya shi ya fi yawa a ƙananan jirage, akwai mai ƙarfin doki 80 akwai mai 100, yana shan fetur na mota, mai 100 ɗin yana son oktan 95 zuwa sama, kuma a tafiya yana shan wajen lita 18 a awa. Lycoming O-320 da O-360 masu doki 160 da 180 su ake sa wa RV, sun fi son man abgas 100LL wanda samunsa a yankinmu wahala ne ga tsada, wannan kaɗai ya isa ya tura ka wajen Rotax. Akwai Jabiru na Ostireliya ma. Injin mota fa? Ana yi, Pietenpol ma da injin Ford ya fara, amma injin mota ba a yi shi don ya yi awanni yana aiki kusa da ƙarshen ƙarfinsa ba, sai an ƙara masa giyar rage gudu da tsarin sanyaya, ka zama kana gwajin jirgi kana gwajin inji lokaci ɗaya. A jirgin farko a'a.

Binciken da hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta fitar a 2012 kan irin waɗannan jirage ya nuna mutuwar inji tana sahun gaba a haɗurra, musamman a awannin farko, kuma sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, mai ne bai isa gare shi ba. Shi ya sa gwajin kwararar mai wajibi ne. Ka ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, ka sa mai kaɗan a tanki, ka cire tiyo a bakin kafireto ka tara a jarka kana duba agogo. In famfo ne ke turawa ya ba da kashi 125 na abin da inji ke sha lokacin tashi, in gangarowa yake da kansa kashi 150. Rotax mai doki 100 yana shan kusan lita 27 a awa a cikakken wuta, kaga kana neman lita 34 ko 41 a awa kenan. Tiyon mai ya yi nesa da salansa a kuma sa masa rigar wuta, saboda a zafinmu fetur yana iya tafasa cikin tiyo ya zama tururi inji ya shaƙe. Man bakin hanya na 'yan bumburutu kuwa ko kusa, ka sayi a gidan mai da ka yarda da shi, ka tace, kuma kafin kowane tashi ka tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki a kwalba ka duba ruwa.

Awo da duba

Da an gama, a ɗora jirgi kan sikeli uku, kowace taya ɗaya, a cikin rumfa inda ba iska, a daidaita shi yadda zane ya ce. Nauyin kowace taya ka ninka da nisanta daga wurin da zane ya ce a fara awo, ka tara, ka raba da jimillar nauyi, ya ba ka tsakiyar nauyi. Sai ka lissafa mafi munin hali ta gaba da ta baya, siririn matuƙi da tanki cike, ƙato biyu da kaya a baya da mai kaɗan, duk su faɗa cikin iyakar da mai zane ya bayar. Nauyi in ya koma baya da yawa hanci zai ɗaga ya ƙi sauka, babu gwanintar da za ta cece ka. CH 750 iyakarsa kilo 600, shi kansa wajen 350, cikakken mai kusan lita 90 wato kilo 65, abin da ya rage muku kai da fasinja da jaka bai fi 185 ba, shi ya sa duk wani ƙarin kwalliya da ka liƙa daga kayanka kake ragewa.

A Amurka sai ka yi rajista ka samu lamba mai farawa da N, ka liƙa farantin bayanai wanda wuta ba ta ci, ka rubuta kalmar EXPERIMENTAL a bakin shiga da harufan da ba su gaza inci 2 ba, da sanarwa ga fasinja cewa jirgin haɗin gida ne. Sufeton FAA ko wakilinsu ya zo, duk murafe a buɗe, ya duba jirgi da littafinka, in ya gamsu ya ba ka satifiket na musamman da takardar sharuɗɗa. Kafin ya zo ka sa mutum biyu daban-daban su bi sandar tuƙi tun daga hannu har jela, su tabbatar in ka tura dama eleron na dama, wato fallen da ke motsi a bayan fiffike, sama yake yi, an sha haɗa su a juye.

Tashin farko

Nan ne son zuciya yake kashe mutane. Ka yi shekaru kana bugun ribit, tuƙinka ya yi sanyi, ga zumuɗi. Je ka yi awanni da malami a irin samfurin jirginka sak, in kuma ka san hannunka bai kai ba ka ba gogaggen matuƙi ya yi tashin farko, ba abin kunya ba ne ko kaɗan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kar ka gayyaci jama'a, taro yana sa mutum ya tashi ko da ya ji wani abu bai yi masa ba. Mutum uku sun isa a ƙasa, ɗaya da rediyo, ɗaya da mota da abin kashe gobara.

Kafin ranar ka yi ta gwada inji a ƙasa jirgi a ɗaure, ka gwada birki da tafiya a hankali kan titi. Ranar kuma da sassafe, iska a kwance, titi mai tsawo wanda gabansa fili ne. Ka riga ka yanke tun a ƙasa cewa in inji ya mutu bayan tashi za ka tura hanci ƙasa nan take ka sauka a abin da ke gabanka, ba juyowa titi. Ka hau sama sosai kana zagaye kan filin yadda ko inji ya tsaya za ka iya sulalowa, idonka kan zafin inji da ƙarfin bugun baƙin mai, ka rage gudu a hankali a can sama ka ga inda jirgi ya fara rawa alamar fiffike zai daina ɗauka, ka riƙe lambar, gudun saukarka ya zama wajen sau 1.3 zuwa 1.4 nata. Rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa. Da ka sauka a buɗe murfin inji a duba komai.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye, zafi. Iska mai zafi sirara ce, fiffike da farfela da inji duk ƙarfinsu yana raguwa. Filin jirgin Kano yana kan tsayin kusan ƙafa 1,560, a ma'aunin jirage zafin da ya dace da wannan tsayin digiri 12 ne, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kamar ka ƙara ƙafa 120 ne. Rana ta Afrilu mai digiri 40, jirginka ji zai yi kamar yana ƙafa 4,900, zai ci titi da yawa ya hau a kasale. Jos da ta haura ƙafa 4,000 tun asali sai ka ƙara kula. Hazon hunturu kuma yana rufe gani har manyan jirage su fasa tashi, kai da kake tuƙi da ido ka zauna a gida, haka hadarin damina da yamma. Duba hasashen yanayi na hukumar NiMet kafin ka fito.

Bayan tashin farko akwai zangon gwaji, a Amurka awa 40 ne, ko 25 in inji da farfelar masu satifiket ne, a cikin yankin da aka keɓe maka kuma ba fasinja, daga 2023 sun ƙara zaɓin bin jerin gwaje-gwaje a maimakon ƙirga awa. Kar ka ɓata awannin kana zagaye kawai, kowane tashi da abu ɗaya da za ka auna ka rubuta: gudun hawa mafi kyau, gudun sulalowa in ba inji, shan mai, halin jirgi da nauyi a gaba da a baya, kana ƙara nauyi da buhunan yashi ɗaurarru har ka kai iyaka. Daga nan littafin tuƙin jirginka zai fito.

Riƙon jirgi

Wanda ya haɗa jirgi a Amurka yana iya karɓar satifiket da zai ba shi damar yin babban duban shekara-shekara na wannan jirgin da kansa, duk wata 12 ake buɗe komai a duba a sa hannu. Ka riƙa bin sanarwar gyara da kamfanin kit da na inji suke fitarwa. Rotax yana son a canja duk kayan roba, tiyo da sauransu, duk shekara 5 ko da sun yi kyau a ido, kuma ana sabunta injin a awa 2,000. Matatar iska a lokacin ƙura ka duba ta fiye da yadda littafi ya ce. Samu rumfa, rana tana cin gilashi da taya da fenti, guguwar farkon damina kuma tana iya kifar da jirgi mai kilo 350 in ba a ɗaure yake da kyau ba. Bututun auna gudu da hancin shaƙar tanki ka rufe su duk lokacin da ka ajiye, zanzaro yana gina ɗakinsa a ciki cikin kwana ɗaya, mitar gudu ta yi maka ƙarya ko mai ya daina sauka, ka sa wa murfin jan ƙyalle mai tsawo don kar ka manta ka tashi da shi.

Yi inshora, aƙalla ta ɓarnar da za ka iya yi wa wasu. Ba a haya da irin wannan jirgin, ba a ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi, kuma duk wanda za ka ɗauka ka gaya masa a fili cewa kai ka haɗa shi. Tashi da sauka a filin da hukuma ta amince da shi, ka yi magana da hasumiya, a Najeriya NAMA ce ke kula da zirga-zirgar sama, kuma a yanayin tsaron da ake ciki ka tabbatar jami'an yankin sun san da kai da jirginka. In kana son tsallaka iyaka, ko daga Katsina zuwa Maraɗi ne, satifiket ɗin jirgin haɗin gida ba ya aiki kai tsaye a wata ƙasa, sai ka rubuta wa hukumar jiragen ƙasar ka samu izini a rubuce kafin ranar tafiya, ka kuma sauka a filin da ke da kwastan da jami'an shige da fice.